Farantin Jibi Mai Mariƙi Biyu

Kwanakin baya wani saurayi daga cikinku ya tsaya a ƙofar shagona a unguwar Jiddari Polo, ya dubi bencin coci da nake haɗawa, ya ce, "Baba Dauda, ai wannan ko ni sai in yi. Katako ne da ƙafa huɗu." Na ce ya zauna a kai, ya zauna. Na ce ya jingina. Ya jingina, har da lumshe ido. Na ce, "To abin da bayanka ya ji yanzu, shi na ƙarar da ƙuruciyata ina koya." Ya yi dariya ya wuce abinsa. Shi ya sa na ga gara in ba ku labarin aikin nan tun kaina bai fara yi mini rowa ba.

Benci na farko da na haɗa da hannuna, a shagon Baba Yohanna na yi shi. Shi ne ubangidana a sana'a, mutumin ƙasar Bura ne kamar ni, kuma kayan coci kawai yake yi: benci, bagade, teburin Jibin Ubangiji. Na gama bencin nan ina ji da kaina, na goge shi da samfefa har yana sheƙi. Baba Yohanna bai ko taɓa shi ba. Sai ya aika aka kira masa wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a bakin layi, ya ce ta zauna. Ta zauna, ƙafafunta na lilo a sama kamar na yaro. Ya ce da ni, "Wa'azin fasto ba ya gajarta don kai. Matar nan za ta yi rabin yini a haka?" Ya miƙo mini zarto.

Daga nan na fara sanin abin da ake nufi da benci. Mazauninsa yana ɗan gangarawa baya, kaɗan ƙwarai, yadda ido ba zai gani ba sai ƙugu. Bakinsa na gaba ana kashe masa kaifi, in ba haka ba ya yanki cinya. Majingina kuwa, in ta miƙe da yawa mutum ya gaji, in ta kwanta da yawa ya yi barci, fasto ya zo ya kama ka da laifi. Kuma ba a dogara da ƙusa. Mutanenmu ba sa sujada a daskare. In 'yan zumuntar mata suka ɗauki waƙa, bencin ma rawa yake yi. Sai ka fafe rami a jikin katako, ka sassaƙa wa ɗan'uwansa harshe, ka cusa da gam, ka buga da guduma ta katako don kada ka yi masa rauni. Wanda ya buga ƙusa kawai, kafin damina biyu za a dawo masa da aikinsa yana kuka.

Katako ma karatu ne. A zafin garin nan, ɗanyen katako maƙiyinka ne. Ka yi aiki da shi yau ya yi kyau, rani na shigowa ya tsage ko ya murɗe. Ni a wurin Ba Modu nake saye, a kasuwar katako, wani Babarbare mai gida a Mafoni. Tun ina bin Baba Yohanna da ɗaukar kaya muka saba. In na je zai gaishe ni da Barbarci ya ce, "Wushe, wushe, Dauda. Na masu waƙa ne ko na masu barci?" Ya ƙwanƙwasa mini maɗaci da yatsa in ji ƙararsa. Busasshe yana amsawa, ɗanye yana yin shiru. Bai taɓa haɗa ni da wanda gara ta shiga ba, ko da yake ya san ba a masallaci za a zauna a kai ba.

Amma aikin da Baba Yohanna ya fi ja mini rai a kai shi ne farantin Jibi, wanda ake raba kofin Jibin Ubangiji da shi a coci. Ku da kuke karɓa a hannu kuna miƙawa, ban sani ba ko kun taɓa dubansa. Katako ne zagayayye mai ramuka, kowane rami da ɗan kofinsa na zoɓo. Ramin in ya yi faɗi kofi ya nutse, yatsun tsoho su kasa ciro shi. In ya matse kofi ya karkace ya zube. Dole kuma ya yi sauƙin ɗauka. Na farko da na yi, mariƙi ɗaya na sa masa, mai kyau, har da ado. Baba Yohanna ya riƙe mariƙin ya miƙo mini ya ce, "Karɓi." Na rasa inda zan kama. Ya ce, "Ka gani? Jibi ba a ɗiba, miƙo maka ake yi. Mariƙi ɗaya na mai bayarwa, ɗaya na mai karɓa. Kai ka yi faranti na mutumin da ba shi da kowa." Dattijo yakan miƙa wa na bakin benci, shi ya ɗauki nasa ya miƙa wa na kusa da shi, haka har ƙarshen layi. A lokacin na ɗauka zancen kafinta yake yi mini kawai.

Akwai kuma benci ɗaya da ba a yi masa majingina. Shi ne bencin horo. A cocinmu, in mutum ya faɗi cikin babban zunubi, dattawan ikkilisiya sukan sa shi ƙarƙashin horo na wani lokaci. Zai zo sujada, amma a baya zai zauna, kusa da ƙofa, kuma farantin Jibi ba ya isa wurin. In lokacin ya cika aka ga tubansa, fasto ya kira shi gaban jama'a, a yi addu'a, ya koma cikin 'yan'uwa. Gajere ake yin bencin, da ƙyar ya ɗauki mutum biyu. Na cocinmu ni na yi shi, kuma ban yi shi da ɓacin rai ba. Ni mutumin tsari ne. Na yarda Allah mai tsarki ne, ba a shiga gabansa da wasa.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Ba sai na ba ku dogon labari ba, wasunku a cikinsu aka haife su. Akwai shekarar da aka sa wa coci wuta, bencunan da muka yi da Baba Yohanna suka zama toka, na tsaya ina kallon aikin ƙuruciyata. Shekarar nan akwatin gawa na fi yi. Ba a awo, ba a ado, ba a jiran katako ya bushe. Da unguwarmu ta yi zafi, Ba Modu ne ya zo da keke ya kwashe kayan aikina ya ɓoye a zaurensa a Mafoni. Shi ma a shekarar ya binne ɗansa. 'Yan bindigar da muke kira mutanen daji, da suka kashe shi, ba su tambayi yaron addininsa ba.

Da abin ya ɗan lafa, ƙauyuka suka juye cikin gari. Cocin da aka sake rufawa da kwano ya cika da mutanen kudancin Borno, kowa da harshensa, Hausa ce kawai ta haɗa mu. Aiki ya dawo mini, har na rasa lokacin cin abinci. A cikin waɗanda suka zo akwai wata mata, Rifkatu, da 'ya'yanta. Bayan wani lokaci ƙanin mijinta ya iso, sunansa Ishaku.

Shi da bakinsa ya ba dattawa labari, ba wanda ya tone shi. Mutanen daji sun tare su a gona, shi da wansa Yakubu, mijin Rifkatu. Suka ce kowa ya bar bin Yesu ko ya mutu. Yakubu ya ƙi, aka kashe shi a gaban ƙaninsa. Ishaku ya faɗi abin da suka ce ya faɗa. Ya zauna a hannunsu har ya sami hanya ya gudu. Dattawa suka sa shi horo, ya karɓa ba gardama, ya je ya zauna a bencina mara majingina.

Lokacin horo ya cika. Fasto ya kira sunansa a gaban jama'a ya ce ya taso. Ishaku ya sunkuyar da kai, bai motsa ba. Lahadi ta zagayo aka sake kira, haka. Fasto ya bi shi har ɗakin da yake kwana a Dala ya yi masa magana, ya ce an gafarta masa, ikkilisiya ta karɓe shi. Ya ce ya gode, amma shi bai kai ba tukuna. Ya zama shi ne mai sharar coci, shi ne mai ɗebo ruwa, shi ne mai ɗaukar bulo in ana gini, ba ya yarda a ba shi ko ruwan sha. Yana azumi har wuyansa ya zama kamar mariƙin guduma. Mutane suna yabonsa. Ni ma na yaba, don a idona haka tuba ya kamata ya zama.

Wata safiya ina fafe ƙafar bagade sai ga Rifkatu a ƙofar shago. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, aiki na kawo."

Na ce, "Maman Saratu, kujera ce ko gado?"

Ta ce, "Bencin baya. Ina so ka sa masa majingina, ka ƙara masa tsawo, ya zama kamar sauran."

Na ajiye guduma. Na ce wannan ba aikin da mutum ɗaya zai ba ni ba ne, na dattawa ne. Sai ta ce, "Baba, Ishaku zai koma ƙauye. Ya ce bayan Jibin wannan watan zai tafi. Ya ce zai je inda aka tambaye shi, a sake tambayarsa, ya ba da amsar da wansa ya bayar. Ya ce sai haka Allah zai dube shi."

Kowa ya san wanda ya bi hanyar ƙauyensu a lokacin ba ya dawowa. Na ce, "Ke fa? Ke da mijinki ya tsaya shi ya gudu, ba ki jin komai in kin gan shi?"

Ta ce, "Ina ji. Akwai ranar da ba na son ganin ko inuwarsa. Amma Baba, mutane suna ta ce mini Yakubu ya shiga sama don ya ba da wuyansa. Ni na zauna da mutumin nan, na san fushinsa, na san halinsa. Ba wuyansa ne ya cece shi ba. Jinin da ya ceci Yakubu ba nasa ba ne, na Yesu ne. In ya ishi Yakubu, don me ba zai ishi Ishaku ba? Na rasa ɗaya, ko gawarsa ban gani ba. Ba zan ƙara ba."

Na kai maganar gaban dattawa. Wanda ya fi tsayawa a kan a'a shi ne Dattijo Markus, kuma kada ku ɗauke shi mugu. Ɗansa na fari yana cikin cocin ranar da aka sa wuta, bai fito ba. Ya ce, "Ba wanda ya hana Ishaku Jibi. Mun buɗe masa ƙofa. Ya tashi da ƙafarsa ya dawo gaba kamar kowa. In muka gyara bencin horo ya zama kamar sauran, me za mu gaya wa 'ya'yan waɗanda suka mutu ba su yi musu ba? Cewa da tsayawa da faɗuwa duk ɗaya ne? Allah mai tsarki ne. Jibi ba ya bin mutum bencin baya."

Fasto ya ce, "Baba Markus, ba ɗaya ba ne, kuma Allah bai taɓa cewa zunubi ƙaramin abu ne ba. Da ƙarami ne da ba a yi gicciye ba. Amma Allahn da muke wa'azinsa bai zauna a sama ya ce mu tako mu same shi ba. Shi ya sauko. Alheri kenan. Da mai ƙarfin tasowa kawai ake ceta, da ni da kai ba mu nan. Mutumin nan ya yarda Allah mai tsarki ne har ya fi mu yarda. Abin da ya kasa yarda da shi shi ne an riga an ɗauki hukuncinsa."

Aka yi ta ja. Ni ina zaune, in Markus ya yi magana in ce gaskiya ne, in fasto ya yi in ce gaskiya ne. Har yau ban iya haɗa tsarkin Allah da jinƙansa su zauna daidai a kaina yadda nake haɗa katako biyu ba. Na dai san duka biyun suna nan. A ƙarshe dattawa suka yanke cewa benci ya zauna yadda yake. Ba majingina, ba ƙari.

Na gaya wa Rifkatu. Ta ce, "To a yadda yake, zai ɗauki mutum biyu?"

Na je na duba. Gara ta cinye ƙafa ɗaya ta ciki, fatar katako ce kawai ta rage. Ramammen mutum irin Ishaku ne kaɗai zai zauna a kai bai karye ba. Canza fasali na dattawa ne, amma gyaran ƙafa aikina ne, ba sai na tambayi kowa ba. Na tafi wurin Ba Modu neman guntun maɗaci. Ya tambaye ni na mene ne, na ba shi labarin a taƙaice. Ya girgiza kai ya ce, "Dauda, abin da bakin bindiga ya sa mutum ya faɗa, mu ma a wurinmu ba addini ba ne." Ya shiga can ciki ya zaƙulo mini wani guntu da ya daɗe yana bushewa, ya ƙwanƙwasa, ya amsa kamar ganga. Na cire ruɓaɓɓiyar ƙafar, na share ramin, na sassaƙa sabuwa na cusa. Na hau kan bencin na yi tsalle a kai, ni da furfurata, mai gadi yana kallona.

Ranar Jibi coci ya cika. Ishaku yana wurinsa kusa da ƙofa, da 'yar jakarsa a ƙarƙashin ƙafa. 'Yan zumuntar mata suna gaba cikin zanensu iri ɗaya, Rifkatu a cikinsu. Da fasto ya gama addu'a a kan gurasa da kofi, dattawa suka ɗauki farantai, sai ta tashi. Ta bi ta tsakiyar coci, kowa na juyowa, har baya. Ta zauna kusa da Ishaku. Ya matsa har ya kusa faɗuwa, amma bencin gajere ne, ba inda zai je. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, ƙafar maɗacin nan nake kallo.

Ɓangaren nan Markus ne mai rabawa. Ya bi layi-layi har ya gama benci na ƙarshe mai majingina. Nan aka saba juyawa. Ya tsaya. Rifkatu ba ta ƙarƙashin horo, cikakkiyar 'yar ikkilisiya ce, ba dokar da ta ce a tsallake ta. Markus ya daɗe a tsaye, har mawaƙa suka sake ɗauko baitin da suka gama. Sannan ya taka ya ƙarasa.

Gurasa ta fara zuwa. Rifkatu ta ɗauka, Ishaku ya kawar da kai, Markus ya janye ta ya mayar wa mai riƙe masa gurasa. Sai aka zo kan kofi. Markus ya miƙa farantin, ta kama mariƙi, ya saki nasa. Ta ɗauki kofinta da ɗaya hannun. Sannan ta juya farantin, ta miƙa wa Ishaku mariƙin da ba kowa a kai, yadda ake yi wa na kusa.

Ya ce, a hankali, "Yaya, ban isa ba."

Ta ce, "Na sani. Ni ma haka."

Ya ce, "Ina tsaye aka kashe shi."

Ta ce, "Na sani, Ishaku."

Hannunta ya fara rawa. Faranti mai kofuna cike ba a riƙe shi da hannu ɗaya a miƙe na dogon lokaci, ni da na yi shi na sani. Zoɓo ya fara taɓa bakin kofuna. Ta ce, "Hannuna ya gaji. Karɓi."

Ya kama, ta saki.

Ya zauna riƙe da shi, hawaye na zuba a kan rigarsa. Ba wanda zai miƙa wa, shi ne ƙarshen layi. Markus yana tsaye a kansa, bai kai hannu ya karɓe ba. Can ya ce, da muryar da ban taɓa jin ta a bakinsa ba, "Ɗauki naka tukuna, ɗana." Ishaku ya ɗauka. Markus ya karɓi farantin daga hannunsa, ya juya ya yi wa mai gurasa alama ya dawo.

Na yi kuka ranar nan, ba na jin kunyar faɗa. Na tuna Baba Yohanna yana miƙo mini farantina mai mariƙi ɗaya, na rasa inda zan kama.

Bencin horo yana nan har yanzu, ba majingina, dattawa ba su canza dokarsu ba. Markus da fasto ba su gama muhawararsu ba har Markus ya rasu. Ku kuma in kun zo koyo, ba da benci za ku fara ba, da faranti za ku fara, kuma zan sa ku miƙa wa juna har ku gaji. Wanda yake ganin wasa ne ya je ya tambayi mai sayar da albasa a bakin hanyar Dala, wani siririn mutum mai yawan gaisuwa. Motar ƙauye ta tashi washegarin Jibin nan ba shi a ciki. Yanzu a tsakiyar coci yake zama, kusa da 'ya'yan wansa, har ya sami bakin yi mini ƙorafi wai majinginar bencin ta cika miƙewa.